Ta Wace Hanya Labari Zai Riƙa Zuwa Ƙungiyarku?



Kafin damina ta faɗi, ofishin raya karkara yana roƙon kowace ƙungiya ta zauna ta amsa tambaya ɗaya: ta wace hanya kuke so labari ya riƙa zo muku? Waɗansu za su ce wannan ƙaramin abu ne, magatakarda ya ba da lambar wayarsa, shi ke nan. Amma maganar ta fi haka. Manomi yana iya sayen iri mai kyau, ya zuba taki, ya yi noma sau biyu, sa'an nan tsutsa ta cinye masararsa domin gargaɗin da aka aiko ya kwana goma a aljihun wani.

A dā damuwarmu rashin labari ne. Kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, sai an jira ranar kasuwa, ko a jira mai bishara ya dawo daga taron gunduma da takarda a jakarsa. Yanzu abin ya juya. Wayar mutum cike take da gaisuwa da talla da hotuna, har saƙon da zai ceci gona yakan nutse a cikinsu. Saboda haka tilas ne mu zaɓa, mu kuma san dalilin zaɓenmu.

LABARI IRI UKU NE

Kowane manomi ya san ba dukan amfanin gona ake ajiyewa daidai ba. Tumatir kwana kaɗan ya ruɓe. Doya takan kai 'yan watanni. Gero kuwa, in rumbu yana da kyau, yakan shekara. Haka labari yake. Kafin ku zaɓi hanya, ku fara tambaya: wannan labari kwana nawa zai yi kafin ya lalace?

1. Labari irin na tumatir. Wannan shi ne gargaɗi. Ku ɗauki misalin tsutsar nan mai cin masara. Asalinta daga nahiyar Amurka take, an fara ganinta a Afirka a farkon shekarar 2016, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko. Uwarta wani irin malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare. Takan zuba ƙwai a kan ganye, in da zafi ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 ko 3. Sa'ad da tsutsar take ƙarama tana kan ganye a fili, tana kankare shi har ya yi fari-fari. A wannan lokaci hannu yana iya murƙushe ta, magani kuma yana samunta. Da ta girma sai ta shige zuciyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ta rufe kanta da kashinta mai kama da garin katako. Daga nan kashe ta yana da wuya, yana kuma cin kuɗi. Tsakanin ƙarama da babba kwanaki kaɗan ne. Watau gargaɗin tsutsa da ya yi mako biyu a hanya ya riga ya ruɓe.

Haka gargaɗin ambaliya yake. A 2012 da 2022 kogin Binuwai da kogin Kwara sun cika sun batse bayan ruwan sama mai yawa, an kuma saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Gonaki da gidaje masu yawa sun tafi. Ga wanda ke noma a bakin kogi, kwana ɗaya yana iya raba shi da hatsinsa da awakinsa. Labarin annobar kaji a ƙauyen da ke kusa shi ma irin na tumatir ne.

2. Labari irin na doya. Wannan yana da ranar ƙarewa, amma ba ya bukatar gudu. A farkon kowace shekara hukumar yanayi ta ƙasa, watau NiMet, takan fitar da hasashen damina: yaushe ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Wannan labari bai damu ba ko ya zo yau ko mako mai zuwa, muddin ya zo kafin a sayi iri. Gama in ana sa ran gajeriyar damina, masara mai nuna cikin kwana 90 ta fi mai kwana 120. Ranar rabon taki, ranar biyan bashin ƙungiya, da ranar riga-kafin kaji duk suna cikin wannan kashi. Cutar nan da kan share kaji da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, tana da maganin riga-kafi da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Amma kafin cuta ta zo ake yinsa, kazar da ta riga ta kamu ba ya warkar da ita.

3. Labari irin na gero. Wannan koyarwa ce: yadda ake haɗa takin gargajiya a rami, yadda ake yaƙi da ƙuduji ta wurin sauya shuka da waken soya, yadda ake ajiye wake a buhun PICS mai ruɓi uku ba tare da magani ba, yadda ake rubuta littafin kuɗi. Irin wannan ba ya tsufa da sauri. Abin da yake bukata shi ne a ajiye shi inda za a same shi baɗi.

HANYOYI BIYAR DA MUKE DA SU

Ba hanyar da ta fi sauran a kowane hali. Jaki ya fi mota a kan tudun duwatsu, mota ta fi jaki a kan kwalta.

(a) Saƙon tes. Yana shiga kowace irin waya, har ƙarama mai maɓalli, ba ya kuma bukatar data. Manya a cikinmu suna tunawa da shirin taki na 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. Ta saƙon tes aka riƙa gaya wa manomi ya je ya karɓi buhu 2 na taki a rabin kuɗi. Wanda lambarsa ta shiga daidai ya sami saƙo. Wanda aka rubuta tasa da kuskure, ko ƙauyensu babu sabis, sai dai ya ji a bakin mutane. Darasin yana nan har yau.

Ga wani abu da magatakarda ya kamata ya sani. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harufa 160. Amma in aka sa ko harafi ɗaya mai ƙugiya, watau ƙ ko ɗ ko ɓ, sai waya ta sauya tsarin rubutu, saƙo ɗaya ya koma ɗaukar harufa 70 kawai. Sanarwa mai harufa 150 da za ta tafi a shafi ɗaya sai ta rabu uku. A ce ƙungiya tana da mutum 40. Maimakon kuɗin saƙo 40, za a biya na 120. Saboda haka a cikin tes a rubuta k, d, b, kamar yadda tsofaffin keken rubutu suke yi. A dai kula da kalmomin da kan rikice, kamar "kasa" da "ƙasa", a sāke maganar yadda ba za a yi kuskuren fahimta ba.

Rashin kyan tes shi ne yana bukatar mai karatu, ba ya kuma ɗaukar hoto ko dogon bayani.

(b) WhatsApp. Amfaninsa babba ne. Ana iya aika murya da Hausa ko da yaren gida, wanda bai yi makaranta ba ya ji da kunnensa. Manomi yana iya ɗaukar hoton ganyen da ya lalace ya aiko wa malamin gona, ya sami amsa a ranar. Amma yana bukatar babbar waya da data da caji, a ƙauyuka da yawa kuwa masu wannan kaɗan ne, yawancinsu samari. Babban haɗarinsa cunkoso ne. In kowa yana zuba gaisuwar safe da hotunan biki a zaure ɗaya, gargaɗin tsutsa zai ɓace a ƙarƙashinsu. Maganin wannan shi ne a buɗe zaure biyu. Ɗaya na sanarwa, a saita shi yadda shugabanni kaɗai ke iya rubutu. Ɗaya na hira da tambayoyi, kowa ya yi magana. A kuma hana waya sauke hotuna da bidiyo da kanta, domin kada data ta ƙare a banza.

(c) Takarda. Ita ce mafi jinkiri, amma ita ce mafi daɗewa. Ba ta neman caji. In waya ta faɗa rijiya, dukan abin da ke cikinta yana iya tafiya, takarda kuwa tana nan a akwatin ƙungiya. Ana karanta ta a taro, a tsaya, a yi muhawara, a koma baya. Ita ce rumbun labari irin na gero.

(d) Rediyo. Yana kai wa inda sabis ba ya kai wa, mutum yana ji yana aiki. Amma mai magana a rediyo yana yi wa jiha duka magana ne, bai san gonarku ba, ba ku kuma da halin tsayar da shi ku yi tambaya. Ya kamata ƙungiya ta san rana da lokacin shirin manoma a tashar da ta fi kamawa a wurinku, ta sa mutum ɗaya ya riƙa saurara yana kawo abin da ya ji.

(e) Sanarwa a majami'a. Mutane sun amince da ita, tana kai ga tsoho da gwauruwa da wanda ba shi da waya. Amma sau ɗaya take zuwa cikin kwana bakwai. Gargaɗin da ya iso ranar Litinin, in aka ce sai Lahadi, ya yi kwana shida yana jira, tsutsa kuwa ba ta jiran Lahadi. Don haka a yi amfani da addu'ar safe, da ranar zumuntar mata, da ranar koyon waƙa. In abin ya yi tsanani a nemi izinin mai unguwa a sa mai shela ya zaga.

ƊAYA-ƊAYA, A DAMI, KO A DAKATA?

Bayan kun zaɓi hanya, akwai zaɓe na biyu, watau yadda saƙo zai riƙa zuwa.

Ɗaya-ɗaya: duk sa'ad da labari ya samu, a aiko shi nan take. Wannan ya dace da gargaɗi kaɗai. In kuka ce kome da kome a aiko ɗaya-ɗaya, waya za ta riƙa kuka dare da rana, mai ita ya gaji, ya daina dubawa. Mun san labarin yaron da ya riƙa ihun kura da wasa. Ran da kura ta zo da gaske, ba wanda ya fito.

A dami: a tara labarai a ɗaure su wuri ɗaya, a aiko sau ɗaya a mako ko a wata. Mai girbi ba ya kai zangarniya ɗaya-ɗaya gida, dami yake ɗaurewa. Wannan ya dace da labari irin na doya da na gero. Shawararmu ita ce damin mako ya iso ranar Jumma'a ko Asabar, domin magatakarda ya sami lokacin karantawa, ya zaɓi abin da za a sanar ranar Lahadi. Damin wata kuwa ya iso kafin taron ƙungiya, ba bayansa ba.

A dakata: waɗansu 'yan'uwa sukan tafi cin rani, waɗansu makaranta, waɗansu jinya. Mutum yana iya cewa a tsayar da aiko masa saƙo na 'yan watanni ba tare da an share sunansa ba. Ya faɗi ranar da zai dawo, a rubuta. Amma ga kashedi: in mai karɓar gargaɗi na ƙungiya ne zai yi tafiya, ba a dakatar da saƙo, sai dai a mayar da shi ga mataimakinsa tun kafin ya tashi.

Ga yadda muke ganin ya fi dacewa ga yawancin ƙungiyoyi:

Gargaɗi: tes, ɗaya-ɗaya, zuwa ga mutum uku, su kuma su yaɗa da baki a ranar.
Labari mai ranar ƙarewa: damin mako ta WhatsApp ko tes, a sanar a majami'a.
Koyarwa: takarda, damin wata, a karanta a taro, a ajiye a akwati.

Ƙungiyar da ke inda babu sabis sam, ta nemi ɗan'uwa amintacce a garin da ke da sabis, wanda yake da keke ko babur, ta riƙa ba shi kuɗin mai daga asusu. 

WA ZAI KARƁA?

Hanya mai kyau ba ta da amfani in mai karɓa yana barci. A littafin Ezekiyel sura 33 an ba da misalin mai tsaron gari. In ya ga haɗari yana zuwa ya busa ƙaho, wanda ya ƙi ji alhakinsa yana kansa. In kuwa ya gani ya yi shiru, a hannunsa za a nemi alhakin. Mai karɓar saƙon ƙungiya mai tsaro ne. Kada a ba da wannan aiki domin girma ko domin mutum ya fi kowa babbar waya. A ba wanda yake zaune a gari da damina, wanda wayarsa ba ta kwana a mace, wanda ba ya ƙyashin ƙafarsa.

A zaɓi mutum uku, kada a tsaya a ɗaya. In da hali layukansu su zama na kamfani dabam dabam, domin in sabis na wannan ya ɗauke, na wancan ya kama. Lalle ɗaya daga cikinsu ta zama mace daga zumuntar mata. A gidajenmu da yawa kaji da awaki da lambun bayan gida a hannun mata suke. In labarin annobar kaji ya tsaya a wayar maigida, shi kuwa yana gona tun asuba, mai kajin ba ta ji ba.

Kada kuma gargaɗi ya tsaya a ƙofar majami'a. Tsutsa ba ta tambayar addinin mai gona, ruwan ambaliya bai san iyaka ba. In gonar maƙwabcinka ta cika da tsutsa, taka ce ta gaba. Ku gaya wa maƙwabta Musulmi da masu bin al'ada, ku gaya wa makiyaya da ke kusa, ku gaya wa mai unguwa. Wannan ƙauna ce ga maƙwabci, dabara ce kuma ta kare gonarka.

ABUBUWAN DA KAN TOSHE HANYA

1. Sauya lamba. Mutum ya ɓatar da waya, ya sayi sabon layi, bai gaya wa kowa ba. Layin da aka bari watanni ba a amfani da shi, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Saƙonku sai ya riƙa zuwa wurin baƙo. A duba jerin lambobi sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan kaka.

2. Layin da aka rufe. Tun daga Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, an kuma rufe layuka masu yawa da ba a haɗa ba. A tabbata layukan masu karɓa an yi musu rajista da sunan masu su.

3. Toshe talla. A 2016 hukumar sadarwa ta kawo lamba 2442. Wanda ya aika kalmar STOP zuwa wannan lamba, an tsayar masa da saƙonnin talla. Abu ne mai kyau, amma wani lokaci yakan hana saƙon da aka aika wa mutane da yawa gaba ɗaya shiga. In ɗan'uwa yana cewa kowa ya sami saƙo ban da shi, ya aika HELP zuwa 2442 ya ga zaɓin da ke akwai.

4. Ɗaukewar sabis. A Satumba 2021 an rufe sabis na waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane sun yi makonni ba waya. Wanda ya dogara ga hanya ɗaya, ran da ta toshe ya zama kurma. Kowace ƙungiya ta kasance da hanya ta biyu da aka riga aka shirya.

5. Saƙon ƙarya. Mazambata sun san manomi yana jiran labarin taki da bashi. Sukan aiko saƙo su ce an zaɓe ka, ka turo kuɗin rajista ko lambar sirri ta banki. Ofishinmu ba ya neman lambar sirrin kowa, ba ya kuma karɓar kuɗi ta hannun wanda ba ku sani ba. Ku rubuta lambar da saƙonmu ke fitowa a bangon littafin ƙungiya. In saƙo ya zo daga wata lamba, ku tambaya kafin ku yaɗa shi.

A GWADA KAFIN DAMINA

Ba a gwada garma ran shuka. Bayan kun zaɓa, ku yi gwaji. Shugaba ya aika saƙo da safe ba tare da ya gaya wa kowa tun da wuri ba, misali: "Gwaji ne. Duk wanda ya ji ya kawo tsakuwa ɗaya majami'a gobe da yamma." Kashegari a ƙirga tsakuwa. In mutum 40 ne a ƙungiya aka sami tsakuwa 15, kun san akwai mutum 25 da gargaɗin gaske ba zai same su ba. Ku bincika su wane ne, a wace unguwa suke, me ya hana. Sau da yawa za ku tarar tsofaffi ne, da gwauraye, da masu zama a gefen gari. Sai a ba kowane mai karɓa gidaje nasa, ya san waɗanda zai je wa da ƙafa.

Labari kuma ba daga ofis kaɗai yake fitowa ba. Ku ne idanunmu. Da masara ta tsiro, a riƙa zaga gona aƙalla sau ɗaya a mako, a tsaya wuri 5 dabam dabam, a duba tsire 10 a kowane wuri, a ƙirga nawa ne suka nuna alamar tsutsa. Wanda ya fara gani ya gaya wa mai karɓa, shi kuma ya gaya mana, domin mu gargaɗi sauran ƙungiyoyi.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. A daminar bara, wane labari ne ya zo mana a makare? A ina ya tsaya?
2. Mutum nawa ne a cikinmu ke da ƙaramar waya, nawa ke da babba, nawa ba su da ko ɗaya?
3. Su wa za mu zaɓa su zama masu karɓa guda uku? Akwai mace a cikinsu?
4. In sabis ya ɗauke na mako biyu, wace hanya za mu bi?
5. Waɗanne maƙwabta ne ba sa cikin ƙungiya, amma ya kamata su ji gargaɗi?

Ku rubuta amsoshinku, da sunayen masu karɓa da lambobinsu, a karanta kowace lamba da ƙarfi sau biyu a gaban mai ita. Sa'an nan ku ba fasto ko mai bishara ya kawo ofis kafin ruwan fari.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kuma albarkaci aikin hannuwanku. Amin.